Mugun likitan fim ɗin I fa minista ne yanzu a Indiya

Na-Fagge:
Salam 'yan zaure. Waɗanda suka kalli I na Vikram, wanda Shankar ya ba da umarni a 2015, kun tuna likitan nan Vasudevan mai fara'a da ake ganin kamar shi ne mai taimakon jarumi, ashe shi ne ya haɗa allurar da ta mayar da shi mai ƙusumbi? To sunansa Suresh Gopi, ɗan jihar Kerala ne, kuma tun watan Yunin 2024 ƙaramin minista ne a gwamnatin Modi, ma'aikatu biyu ma yake riƙe, man fetur da iskar gas sannan yawon buɗe ido. Abin da ya sa na kawo maganar, mun yi musu da wani abokina a majalisa, shi yana cewa farin jinin fim ne kawai ya sa ya ci zaɓen ɗan majalisa a 2024, ni kuma na ce inaa, da fim kaɗai ne da tuni ya ci tun karon farko. Masana harkar kudancin Indiya ku raba mana gardama.

Maman Hanifa:
Innalillahi wannan mutumin?? Ni wlh tun da na ga abin da ya yi a fim ɗin nan na tsane shi, yarinyar da ya sani tun tana ƙarama ita yake bi da wannan mugun nufi. Yanzu shi aka ba man fetur hhh

Ɗan Maraɗi:
Haba Hajiya ai wasa ne. Kuma a can garinsu ba a san shi da mugu ba sam, ɗan sandan kirki suka sani. Mu ne dai da muke ganin na Tamil da Telugu muka tsince shi a wannan rawar. Shi ɗan masana'antar Malayalam ne, yaren Kerala, wato su Mammootty da Mohanlal, a shekarun 1990 in an ƙirga manya uku to shi ne na ukun. Fim ɗin da ya ɗaga shi sama shi ne Commissioner na 1994, Shaji Kailas ya ba da umarni Renji Panicker ya rubuta, ya fito a Bharath Chandran, kwamishinan 'yan sanda mai zafin kai da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ya tsaya gaban ɗan siyasa ya zazzage masa magana doguwa rabi da yarensu rabi da Turanci yana nuna shi da yatsa, 'yan kallo suna tafi. Kafin shi akwai Thalasthanam a 1992 da Ekalavyan a 1993, duk salon ɗaya ne. Har Andhra aka fassara su zuwa Telugu suka karɓu sosai.

'Yar Zariya:
Kuma duk wanda ya kalli Bhool Bhulaiyaa na Akshay Kumar ko Chandramukhi na Rajinikanth ya sani cewa asalinsu Manichitrathazhu ne na 1993, a ciki Suresh Gopi shi ne mijin matar, Shobana ce matar, Mohanlal ne likitan ƙwaƙwalwa. Ni na fi son na asalin ma, ba hayaniya.

Sarkin Musu:
Duk wannan ai goyon bayan abokin Na-Fagge kuke yi ba ku sani ba. Mutum ya shekara talatin yana fitowa a ɗan sanda mai kama ɓarayin gwamnati, talaka ya haddace fuskarsa, ranar zaɓe me kuke so ya tuna? Indiya ce fa, inda ake yi wa hoton jarumi wanka da madara. Jarumin fim MGR ya yi mulkin jihar Tamil Nadu daga 1977 har ya mutu a 1987, jaruma Jayalalithaa ta biyo baya, jarumi NTR ya kafa jam'iyya a 1982 ya zama babban ministan Andhra, wato shugaban gwamnatin jihar, a 1983, ga Vijay ma ya kafa tasa a 2024. To mene ne sabo a nan.

Baba Ticha:
Ɗana Sarkin Musu, a yi haƙuri tsoho ya sa baki. Kerala ba Tamil Nadu ba ce, ko da yake maƙwabta ne. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1970 malamanmu na lissafi da kimiyya da yawa mutanen Kerala ne, daga baya ma na koyar tare da wasunsu, kuma abin da na lura da su shi ne mutane ne masu karatun jarida da son gardamar siyasa kamar me, mutum zai zauna a ɗakin malamai yana bayanin kwaminisanci har a kaɗa ƙararrawa bai gama ba. Jihar tasu ita ce kan gaba a yawan masu iya karatu da rubutu a manyan jihohin Indiya. Tun 1957 suka zaɓi gwamnatin 'yan kwaminis ta ƙuri'a. Siyasarsu ɓangare biyu ce, LDF ta 'yan kwaminis da UDF ta Congress, yau wannan gobe wancan, mutum yana gadon jam'iyya a gidansu ne. Jarumi zai cika sinima amma in ya zo neman ƙuri'a sai a tambaye shi tutar wa ka ɗauko. Shi ya sa ba su taɓa yin babban minista ɗan fim ba.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya ƙara girma Baba, haka yake. 'Yan fim ɗin da suka ci zaɓe a can duk a inuwar manyan ɓangarorin nan suka ci. Innocent mai barkwanci ya ci Chalakudy a 2014 da goyon bayan LDF, 2019 aka kayar da shi. Mukesh ya ci Kollam a 2016 da tutar CPI(M), babbar jam'iyyar 'yan kwaminis. Ganesh Kumar kuwa babansa Balakrishna Pillai tsohon minista ne mai jam'iyyar kansa. Abin dariya ma a 2016 a mazaɓar Pathanapuram 'yan fim uku ne suka kara, Ganesh Kumar da Jagadish na Congress da Bheeman Raghu na BJP jam'iyyar Modi, duk an san fuskokinsu, amma wanda yake da tsarin jam'iyya da gidan siyasa shi ya tafi da ita.

Na-Fagge:
Yauwa ga inda nake so a zo. Shi Suresh Gopi tutar BJP ya ɗauka, jam'iyyar da kafin 2024 ba ta taɓa cin kujerar majalisar wakilai ta Lok Sabha ko ɗaya ba a Kerala cikin kujeru 20, majalisar jiha ma mai kujeru 140 sau ɗaya suka leƙa kafin nan, O. Rajagopal a Nemom a 2016, aka ƙwace a 2021. A 2016 aka naɗa shi majalisar dattawa ta Rajya Sabha, naɗi ne na shugaban ƙasa ba zaɓe ba, daga baya a shekarar ya shiga BJP a hukumance. 2019 ya tsaya takarar Lok Sabha a mazaɓar Thrissur yana cika baki a gaban jama'a cewa Thrissur yake so, a ba shi, ɗauka zai yi, ya zo na uku, aka mayar da maganar abin tsokana shekara da shekaru ana haɗa bidiyo da ita. 2021 ya sake tsayawa majalisar jiha a Thrissur ɗin dai, na uku kuma. To Sarkin Musu ina fim ɗin yake a lokacin? Ai a 2019 ma ya fi kusa da zamanin tashensa.

Sarkin Musu:
Na uku da ƙuri'a nawa? Ka faɗi gaskiya. Ɗan takarar BJP a 2014 dubu 100 da ɗoriya ya samu a Thrissur, shi ya zo 2019 ya samu sama da dubu 290. Wannan ninkin daga ina ya fito in ba daga fuskarsa ba?

Na-Fagge:
Wannan na yarda, fuska ta kawo shi dubu 290. Amma dubu 290 ba ta ba da kujera. 2024 ya samu 412,338, ya ba Sunil Kumar na CPI, ɗaya jam'iyyar 'yan kwaminis ɗin, ratar 74,686. Ƙarin nan na sama da dubu ɗari shi nake magana, kuma tsakanin 2019 da 2024 ba wani fim da ya yi da ya kai Commissioner tashe, Paappan ne da Garudan da wanda ya yi da Shobana da Dulquer a 2020.

Mai Kanti a Jidda:
Bari in shigo, ni ina zaune da mutanen Kerala kullum, shagon da ke jikin nawa nasu ne, mai kawo mana kaya ma nasu ne, duk alhajin da ya taɓa sayayya a Makka ko Jidda ya yi ciniki da su ko bai sani ba. Ranar da aka faɗi sakamako, 4 ga Yuni, maƙwabcin nawa ko abincin rana bai ci da daɗi ba, Musulmi ne ɗan Malappuram, ya ce shi yana yaro har kwaikwayon maganar Bharath Chandran yake yi a makaranta amma bai taɓa zaton zai ga ranar da furen da ke tambarin BJP zai buɗe a jiharsu ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne Congress ce ta ba da kujerar da hannunta. Kuma in ka duba akwai ƙamshin gaskiya, Prathapan na Congress ya ci a 2019 da sama da dubu 400, ana dab da zaɓen 2024 Padmaja 'yar tsohon babban minista Karunakaran ta koma BJP, sai Congress ta ruɗe ta janye Prathapan ta ɗauko yayan Padmajar, Muraleedharan, daga Vadakara ta kawo shi Thrissur, ya ƙare a na uku da dubu 328. Ƙuri'ar da ta zube daga Congress kusan ita ce ta koma wajen Suresh Gopi, na 'yan kwaminis bai ragu ba.

'Yar Zariya:
To su waye suka sauya? Don na ji ana cewa Kiristoci ne

Mai Kanti a Jidda:
Ƙanwata haka mafi yawan masu sharhi suka ce, wani ɓangare nasu dai da kuma mata. Thrissur gari ne mai Kiristoci da yawa kuma 'yan kasuwa ne, manyan shagunan gwal na Indiya irin su Kalyan da Joyalukkas daga nan suka fito. A ƙidayar 2011 Kerala Hindu kusan kashi 55 ne, Musulmi kusan 27, Kirista 18, ka ga BJP ba ta da hanya sai ta ja ɗaya daga cikin biyun nan, Musulmi kuwa ta san ba za su zo ba. Shi ya sa a watan Janairun 2024 Suresh Gopi ya je cocin Lourdes da iyalinsa ya kai kambin gwal aka ɗora wa mutum-mutumin Maryam, daga baya rigima ta tashi wasu suna cewa jan ƙarfe ya fi gwal yawa a ciki. Kwana biyu bayan kai kambin aka ɗaura auren 'yarsa a wurin bautar Guruvayur, Modi da kansa ya zo, Mammootty da Mohanlal suna tsaye a wajen. Firaminista ya halarci bikin 'yar ɗan takara wata uku kafin zaɓe, ai ka san ba shinkafa ya zo ci ba.

Maman Hanifa:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, abin da na sani BJP ce, jam'iyyar da muke ganin yadda ake yi wa Musulmi a ƙarƙashinta, dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 da ta ware Musulmi, rushe gidaje da buldoza, ga Gujarat 2002 ba a manta ba. Ko ya fi kowa kyauta ni dai bai burge ni ba. Su ma Kiristocin sun manta da rikicin jihar Manipur da aka ƙona coci-coci ne?

Baba Ticha:
'Yata ba wanda ya ce ki so shi. Tambayar da aka yi ita ce yaya aka yi ya ci, kuma sanin yadda abu ya faru ba yabonsa ba ne. Maganar kyauta da kika taɓo kuwa tana cikin amsar. Shekaru yana gabatar da shirin nan na wa ke son zama miloniya na yaren Malayalam a tashar Asianet, tun 2012, kuma a nan matan gida suka san shi ba a sinima ba, mutum ya zo ya faɗi matsalarsa ya fashe da kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa, wani lokaci ya yi alƙawarin taimako daga aljihunsa. Yana da gidauniya da sunan 'yarsa Lakshmi da ta rasu a haɗarin mota tana 'yar shekara ɗaya da rabi, mutane sun san wannan labarin kuma suna tausaya masa. Ya taimaki waɗanda maganin ƙwari na endosulfan ya nakasa a Kasaragod. To macen da ba za ta taɓa dangwala wa BJP ba tana iya cewa ni mutumin na zaɓa ba jam'iyya ba.

Ɗan Maraɗi:
Sannan bai gudu ba bayan faɗuwa biyu, wannan ma abu ne. Yawancin 'yan fim in sun sha ƙasa sai su koma lokeshan shikenan. Shi ya maƙale a Thrissur, ya sa kuɗi a gyaran kasuwar Sakthan, da badaƙalar bankin haɗin gwiwa na Karuvannur ta fashe, bankin da 'yan CPI(M) ke juyawa kuɗin talakawa suka maƙale, a Oktoban 2023 ya yi tattaki a ƙafa daga Karuvannur zuwa cikin Thrissur wajen kilomita 18, yana da shekara 65 a lokacin don 1958 aka haife shi.

Sarkin Musu:
Hhh to wannan tattakin ba fim ba ne? Kwamishina Bharath Chandran ya fito kama ɓarayin banki. Ku dai kuna ta zagaye, duk abin da kuka lissafa aktin ne aka fitar daga sinima aka kawo titi. Kuka a talabijin, kambi a coci, tafiya a ƙafa kyamara tana bi. Kun ma manta da na Pooram, bikin nan na giwaye da wasan wuta da Thrissur ke tinƙaho da shi, mako ɗaya kafin zaɓe 'yan sanda suka takura wa masu biki da shingaye har aka tsayar da shagali cikin dare, wasan wutar da ake yi kafin asuba sai da gari ya waye aka yi shi, wa ya fara bayyana a wajen? Shi, a cikin motar ɗaukar marasa lafiya. Jarumi ya iso daidai lokacin da ake buƙatarsa. Har yau Congress da CPI suna zargin da gangan aka ɓata bikin don a taimake shi, kuma an buɗe masa fayil kan amfani da ambulan ɗin.

Na-Fagge:
Zargi ne dai wannan. Amma ka ga yanzu ka sauya magana, da ka ce farin jinin fim, yanzu ka koma iya aktin. In iya aktin ne ai duk ɗan siyasa yana yi, namu na nan da ba su taɓa tsayawa gaban darakta ba sun fi shi iya kukan kamfe.

'Yar Zariya:
Ni abin da ya fi ba ni mamaki mutumin fa ya iya wasa na gaske ba ihu kaɗai ba. Ku nemi Kaliyattam na 1997, Jayaraj ya ɗauko labarin Othello ya mayar da shi ƙauyen arewacin Kerala, Suresh Gopi ya fito a mai rawar bauta ta Theyyam, fuska duk zanen agana, kishi yana cinsa a hankali har ya kashe matarsa, Manju Warrier ce matar. Da shi ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa baki ɗaya. Kuma yana da digiri na biyu a adabin Turanci daga kwalejin Fatima Mata a Kollam, babansa mai rarraba finafinai ne, tun yana yaro ya fara fitowa a 1965. Sai nake ganin kamar siyasar ta cinye wancan mutumin ta bar mana kwamishinan kawai

Mai Kanti a Jidda:
Wannan maganar taki ita mutanensa ma suke yi. Wai rigar ɗan sandan ta ƙi fita. A Oktoban 2023 a Kozhikode wata 'yar jarida tana masa tambaya ya ɗora mata hannu a kafaɗa, ta ture, ya sake ɗorawa, ta kai ƙara, ya fito ya ba da haƙuri amma shari'a ta ci gaba. Bayan ya zama minista, lokacin da rahoton kwamitin Hema kan cin zarafin mata a masana'antar fim ɗinsu ya fito a Agustan 2024, 'yan jarida suka tare shi a Thrissur ya tutture su ya shige mota. A farkon 2025 ya ce ya kamata a ba ɗan babban aji a tsarin fifikon asali na Hindu ma'aikatar ƙabilun daji, aka yi masa ca, ya janye. Kafin duk wannan ma akwai shari'ar motar alfarma da ya yi wa rajista a Puducherry inda haraji ya fi sauƙi. A fim in ya daka wa mutum tsawa tafi ake yi, yanzu kuwa wanda yake daka wa mai ƙuri'a ne ko mai makirufo.

Maman Hanifa:
To ni me na ce tun farko, kuka ce wasa ne

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ke allurar Vikram kike riƙe da ita har yanzu, wannan daban hhh. Wani abin kuma, shi kansa kamar bai gama yanke shawarar wanne yake so ba. Washegarin rantsar da shi labari ya bazu cewa yana so a sauke shi don yana da finafinan da ya karɓa, ya fito ya ƙaryata. Daga baya a bainar jama'a ya sha faɗin cewa fim ne rayuwarsa kuma kuɗin shigarsa ya tsaya tun da ya zama minista. 2025 ma fim ɗinsa ya fito, wanda hukumar tace finafinai ta riƙe saboda sunan Janaki da ke jiki, sunan abar bautarsu Sita ne, sai da aka je kotu aka ƙara harafi a sunan. Ministan gwamnati, hukumar gwamnatinsa ta tare masa fim.

Baba Ticha:
Kuma ba a BJP ya fara ba, yana ɗalibi ƙungiyar ɗalibai ta 'yan kwaminis ya yi, a 2006 ya yi wa Achuthanandan na CPI(M) kamfe, yana kuma girmama Karunakaran na Congress ƙwarai, bayan ya ci zaɓe har kabarinsa ya ziyarta ya kira Indira Gandhi uwar Indiya, 'yan jam'iyyarsa suka rasa inda za su sa kansu. Irin wannan mutum jam'iyya tana jin daɗinsa ranar zaɓe, sauran kwanakin kuwa hannunta na kan ƙirji duk lokacin da ya karɓi makirufo.

Uwar Biyu:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Tambayata ɗaya, a namu 'yan Kannywood akwai wanda zai iya faɗuwa sau biyu ya ci gaba da zama a mazaɓa shekara biyar yana zuwa jana'iza da suna? Don abin da na gani yawanci waƙar kamfe ce da rakiyar ɗan takara, in an ci a samu muƙamin mai ba da shawara. Ali Nuhu ma naɗi ne aka yi masa a hukumar finafinai ta ƙasa a 2024 ba takara ba.

Sarkin Musu:
Anti kar ki buɗe wannan babin yanzu sai mu kwana a nan. Ni dai ina kan bakana, a cire fuskar a sa wani ɗan BJP ya yi tattakin kilomita 18 ɗin ya kai kambi goma, na uku zai zo. Surendran shugaban jam'iyyar na jiha a lokacin ai ya tsaya a Wayanad a zaɓen, me ya samu?

Na-Fagge:
Wayanad da Rahul Gandhi ya tsaya kake kawo misali da ita, haba. Kawo Thiruvananthapuram mana, Rajeev Chandrasekhar bai taɓa fim ba amma ratar dubu 16 kacal Shashi Tharoor ya ba shi, ka ga ke nan jam'iyyar ma tana hawa da kanta a wasu wuraren. Zan tura wa abokin nawa duk wannan in ga ta inda zai ɓullo. Uwar Biyu ki buɗe mana na Kannywood ɗin daban, ina da magana a kai.